Guɗa a Kan Layi Ɗaya

Har gobe ban manta da ranar da aka rangaɗa guɗa a ɗakin awonmu don tsinken gwaji ya nuna babu ciki ba. Ku da kuka kama aiki bana kun saba murna sai an ga layi biyu, to ku saurara.

Lokacin ni ce ungozoma mai kula da awo a wani ƙaramin asibiti a Tudun Wada. Wata Ramlatu ta zo daga Dutsen Abba da cikin fari wata uku, amma girmansa ya kai na wata biyar, ga amai, ga ɗigon jini. Likita ya yi mata sikanin, bai ga ɗa ba. Abin da muke kira mola ne, wato naman mabiyiya ya toho ƙulu-ƙulu kamar 'ya'yan inabi ya cika mahaifa. Aka yi mata wankin ciki lafiya.

A ƙa'ida aiki bai ƙare nan ba. Za ta riƙa zuwa gwajin jini duk mako har sinadarin ciki ya ƙare, sannan duk wata, kuma ba ɗaukar ciki a tsakani. In ragowar naman ya maƙale, yana iya rikiɗewa ya zama ciwon daji. Ramlatu ta zo farko-farko, sai ta ɓace.

Kun san ni, ba na iya haɗiye abu. Ina tashi aiki na tare keke sai Dutsen Abba. Na tarar da uwar mijinta, Inna Asabe, tana dama mata kunu, bakin nan har kunne.

"Sista, ki taya mu murna," in ji ta. "Cikin yana nan, kwanciya ya yi."

Ashe tsinke ta sayo a kemis, ya nuna layi biyu. Ta ce ita ma nata cikin sai da ya kwanta shekara biyu kafin ta haifi mijin Ramlatu, don haka ba mai komawa asibiti a wanke mata jika.

Na zauna na karɓi kunun. Na ce, "Inna, naki ban musa ba, ba na wurin. Na Ramlatu kuwa da idona na ga abin da aka fitar. Layin nan na biyu ba jika ba ne, ragowar ciwo ne. In bai tafi ba, zai tafi da ita."

Ta taɓe baki. Sai Ramlatu ta ɗago kai.

"Inna, jinin fa bai tsaya ba. Na ga kina murna ne, na kasa faɗa."

Inna ta ajiye ludayi, ta dube ta. "Ɗauko mayafinki," ta ce.

Gwaji ya nuna sinadarin hawa yake yi. Likita ya tura ta babban asibiti aka sa ta a allurai, mu kuma muna bibiya. Daga nan Inna ta zame mana ƙarfen ƙafa. Ita ke rako ta, kullum da sabon tsinkenta ƙulle a bakin zane. Na gaji da gaya mata gwajin jini ne alƙali, ta ce ita ba ta iya karatun jini ba. Sai ta ɗaga tsinken a taga ta ce, "Ya fara koɗewa, ɗan banza."

Ranar da jini ya fito fes, tsinken ma ya nuna layi ɗaya, Inna ta toshe hanci ta saki guɗa. Masu jiran awo suka yo kanta suna tambayar me aka samu.

"Babu komai!" in ji ta. "Alhamdu lillahi, babu komai."

Na yi dariya har da hawaye, kuma ba duk hawayen ne na dariya ba.

Bayan likita ya ba da izini Ramlatu ta sami ciki na gaske, ni na karɓi haihuwar. Na miƙa wa Inna jaririyar, ta ce in dakata, sai ta fara ganin mabiyiya tukuna.

Shi ya sa nake damun ku da cewa kada ku sallami mai mola sai kun san wa ke dama mata kunu a gida. Ku kira wannan, ku ba ta kujera, ku yi mata bayanin nan daga farko. In ta yarda, ita za ta kawo muku marar lafiyarku ko ana ruwa.