Na kira sunan 'yar farina

"Ke Hadiza, ba ki jin kunya? 'Yar fari ce fa!"

Gwaggona ce da ta zo daga Hawandawaki, ta tarar na rungume 'yata Zainabu ina kiran sunanta. Yarinyar ta dawo daga lakwal, wato makaranta, tana kuka, ƙawayenta sun ƙi wasa da ita.

Na ce, "Gwaggo, ni ma 'yar fari ce, shi ya sa na girma ina haɗiye kukana. Idan na kau da kai yau, gobe wa za ta gaya wa?"

Ta ce zamani ya lalace. Ban saki Zainabu ba sai da ta gama faɗa mani abin da ya yi mata zafi.

Kunyar da za ta raba ni da zuciyar 'yata, na yafe ta. Iyaye, ku me kuka gani?