Awakin Maƙwabci da Karatun Safe

Lakwal, wato makarantar boko, da na yi ba ta taka kara ta karya ba, amma kullum kiran sallar asuba na maƙwabta ke tashe ni, in buɗe Littafi Mai Tsarki ina bin layi da yatsa.

Abin haushin, duk abin da na karanta da safe sai an jarraba ni da shi kafin azahar. Daminar bara na karanta wurin haƙuri da maƙwabci, na rufe littafi ina jin kaina rabin waliyyi. Ina isa gonata ta hanyar Safo, na tarar da awakin maƙwabcina cikin wakena, suna ci kamar an gayyace su biki.

Washegari na yi dabara, na koma jerin zuriya, inda wane ya haifi wane. Nan ba mai cewa in yi haƙuri.

Tsohuwata, wato uwargidana, ta leƙo, ta ce, "Maigida, kana tsammani awakin sun san shafin da ka buɗe?"

Ba su sani ba kuwa, don sun sake shiga.

Na nufi gidan maƙwabcin, bakina cike da maganar da za ta kashe zaman shekaru. A ƙofar gida karatun jiya ya riƙe mini harshe, ba da izinina ba. Na yi sallama, na ce, "Malam, kawo igiya mu ɗaure awakin nan."

Mun ɗaure su, muna gaisawa har yau. Waken dai bai dawo ba, kuma ina tuna wa Ubangiji wannan a addu'a.