Barira da Injin Hamani

Barira maƙwabciyata ce, katanga ɗaya ta raba mu. Daga Karakara aka kawo ta nan Gaya, garinmu na bakin iyaka, tana amarya, gidan Hamani mai buga wa direbobi takardu. Jarinsa duka ɗan injin nan ne mai tawada da ke kan tebur a zaure. Direba zai shigo da guminsa, a kwafe masa takardun duwan, wato kwastan, ko a fitar masa da hoto, ya wuce gadar iyaka. Da wannan suka ci suka sha, har suka haifi 'ya'ya mata biyu.

Sai aka rufe iyaka. Manyan motoci suka daina wucewa, zaure ya koma wurin kwanan kaji. Da Hamani ya gaji da zaman banza, sai ya bi wani direba a matsayin karen mota, cikin waɗanda ke zagayawa ta doguwar hanya zuwa bakin teku. Mutum da furfura a gemu, wai karen mota.

Ranar da zai tafi ina gidan. Ya fi daɗewa yana sallama da injin fiye da matarsa, har na tsokane shi. Ya mayar da shi ɗaka inda rana ba ta kai, ya goge shi, ya lulluɓe shi da zane.

Ya ce mata, "Kar ki hidda kartush ɗin, 'yan akwatunan tawadar nan, bar su ciki. In za ki kashe shi, danna nan, ki jira ya yi shiru kahin ki zare waya. Kowace Juma'a, in akwai kuran, an kawo wuta, ki sa ya buga ko guda. In ya zamna, tawada bushewa takai, shi ke nan ya mutu."

Ya ba ta hotonsa na sallah ta riƙa kwafewa, don shi ne mai launi duka: shuɗiyar shadda, jar hula, ga mota ruwan ɗorawa a bayansa.

Barira ba ta yi lakwal ba, ko aji ɗaya na boko ba ta shiga ba, amma ta riƙe wannan kamar salla. Duk Juma'a sai in ji ƙugin injin ta katanga. In wuta ta ɗauke, ta zauna gadinta da hoto a cinya. Ta sayar da ƙosai ta sayi tawada, alhali takalmin ƙafarta ɗinki ne a kan ɗinki. Na ce mata ta sayar da abin ta huta. Ta ce, "In maigida ya komo ya iske shi matacce, da mi za mu tashi?"

Hamani bai komo ba. Zazzaɓi ya kayar da shi a hanya, can aka rufe shi, sai labari ya zo ta waya.

Tana cikin takaba aka raba gado. Injin ya faɗa rabon Isufu, wan mamacin, manomi a wani ƙauye kusa da Bengou, wanda ko ƙwan lantarki babu a gidansa. Barira ta durƙusa daga bayan labule ta ce, "Yaya, ka bar shi nan in riƙa tada shi. Naka ne, ba ni hana ka. Ajiya ba ta yi mishi."

Ya ce, "Ke da ke takaba, mi ya haɗa ki da inji? Ƙarhe na, ba ya ruɓa."

Ya cusa shi a buhu, ya ɗaure a bayan babur, ya kai shi rumbu ya ajiye tare da gero, yana jiran ranar da zai yi tsada. Har yau in na tuna raina ɓaci yake.

Bayan damina Isufu ya kai wa masu saye, kowa ya gwada ya mayar masa. Sai ga shi da buhunsa, ya dire a ƙofar Barira, wai ya bar wa marayu sadaka.

Ta kira ni. Ta kakkaɓe ƙaiƙayi, ta goge shi da bakin zanenta, ta jona waya. Ya yi ƙugi kamar da, har ta yi murmushi. Ta ɗora hoton Hamani, ta danna. Takarda ta fito fara fat. Ta sake dannawa, ta sake fitowa haka.

Ta ɗaga takardar tana dubawa ta hasken ƙofa, ko inuwar hular za ta gani. Sannan ta ce da ni, "Yau dai ya tahi."