Rumbun Kawu Sha'aibu

Duk wanda ya san Kawu Sha'aibu a Buza ya san kalmarsa: "A sake." Malamin lekol ne, wato makarantar boko, amma wasan kwaikwayo ne ya ci rabin rayuwarsa, shi ke rubutawa, shi ke koya mana. Ni 'yar ƙanwarsa ce, kuma na daɗe a ƙungiyarsa ina fitowa a tsohuwa tun ban yi furfura ba.

Ranar ɗaurin auren 'yarsa Rabi, wakilin ango ya yi magana ƙasa-ƙasa. Kawu ya ɗaga hannu.

"A sake. Na baya ba su jiya ba."

Liman ya kira shi yadda ake kiran malaman lekol, ya ce, "Mushe, ai an ɗaura."

"An ɗaura, amma babu murya."

Haka aka sake. Har yau Rabi na cewa shi ya sa aurenta ya ƙi kwancewa, ƙulli biyu gare shi.

Kawu ba ya yar da komai. Takardun wasa, hotuna, kaset-kaset, gemun auduga, duk yana zuba su a kwali ya rubuta suna a kai. Da ɗaki ya cika sai ya kwashe hatsin rumbu ya kai ɗakin kwana, ya mai da kwalayen rumbu. Matarsa, Inna Hadiza, ta tsaya riƙe da ƙugu.

"Malam, takarda za mu ci?"

"Hatsi kowace damina ana noma shi. Wa zai sake noma miki wasan da munka yi a garin Garhanga?"

Wata rana ya shanya takardun wani sabon wasa a tabarma, akuyar gidan ta cinye fitowa ta uku, wato ƙarshen labarin, ga shi jibi za mu yi shi a Keita. Muka ce ya sake rubutawa. Mutumin da ke sa kowa ya sake, ya ce shi ba ya maimaita kansa. Muka yi fitowa biyu, jama'a na jiran ƙarshe, sai ga Kawu ya jawo akuya tsakiyar fili.

"Jama'a, sauran na cikin wagga. Mai tambaya shi matso."

Ba a taɓa tafa mana kamar ranar ba. Akuyar kuwa ya hana a sayar da ita har ta mutu don tsufa, wai ba a kai tarihi kasuwa.

Bayan rasuwarsa Inna ta ce rumbunta take so, in ba mai ɗaukar kwalayen za ta hura wuta da su. Ana cikin haka wata ɗaliba ta zo daga Yamai, tana tattara tarihin masu wasan kwaikwayo don a adana. Muka taya ta fito da kaya. A wani kwali ta sami takalmi ƙafa ɗaya, wanda wani ya jefe shi da shi a Galma. Kawu ya manna masa takarda: "Ra'ayin 'yan kallo."

Daga nan ta sa wani kaset. Ga muryarmu muna gwaji, ga ƙarar turmi a baya. Sai muryar Kawu:

"Hadiza, dakata da dakan nan, muna ɗaukar murya."

Sai ta Inna daga nesa: "To, ka ci kaset ɗin da rana."

Muka yi ta dariya har da riƙe ciki. Da na waiwaya, Inna na share ido da bakin zane. Ta ce wa ɗalibar, "Ɗiyata, kwashe duka, ki adana su da kyau. Wanga guda ki bar mini."

Allah ya jiƙan Kawu Sha'aibu, ya yafe masa kurakuransa, ya haskaka makwancinsa. Yadda ya sa bayin Allah dariya, Allah ya sa shi ma ya tashi yana murmushi. Amin.