Ranar da Na Cinye Surukata

Ko komai zan manta na zamanmu a Birmingham, ba zan manta ranar da na cinye surukata a bainar jama'a ba.

Lokacin 'yata tana da shekara bakwai, sabuwar zuwa ce a wata firamare a unguwar Small Heath. Yarinya ce mai tsoron mutane, malamarsu har ta taɓa tambayata ko tana magana a gida. Sai ga shi an ba ta babban matsayi a wasan kwaikwayon ajinsu, tatsuniyar Faransawan nan ta yarinyar da aka aika ta kai wa kakarta abinci, kyarkeci ya riga ta zuwa ya haɗiye tsohuwar ya kwanta a gadonta. Aka nemi uba ɗaya ya fito a kyarkeci. 'Yata ta ce in dai ba ni ba ne, ba za ta iya buɗe baki ba. Haka na karɓa, injiniya guda da gemunsa.

Ana sauran sati biyu surukata ta iso daga Kano. Shekara goma da aurenmu ban taɓa haɗa ido da matar nan ba, ban taɓa cin abinci a gabanta ba. Na roƙi matata kada ta gaya mata komai, tunda fuskata a rufe za ta kasance, ita kuma tana can cikin 'yan kallo.

Abin da ban sani ba, malamar da za ta fito a kaka ta kwanta rashin lafiya a ranar. Ina bayan labule ina fama da wutsiya, ashe malamar ajin ta hango tsohuwa ta gaske a layin gaba. Matata, wadda har yau ban gama yafe mata ba, ta fassara mata cewa zama kawai za ta yi. Surukata ta ce gado dai ba za ta hau a gaban mutane ba, aka ajiye mata kujera a gefensa.

Na ƙwanƙwasa ƙofar kwali, na faɗa ciki da gurnani. Sai ga surukata Hajiya zaune da carbinta.

Wallahi ban san lokacin da na tuɓe takalman gashi na shigar kyarkecin na durƙusa ba.

"Barka da yini, Hajiya."

Ta leƙo cikin bakin kyarkecin. "Injiniya? Kai ne a ciki? Lafiya lau. Ya aiki?"

"Da godiya. Ya sanyi?"

Yara suka tuntsire da dariya. Malamar tana ta yi min alama da hannu in ci, ni kuwa ina durƙushe, wutsiya a ƙasa. Na waiga gefen labule na hango 'yata riƙe da kwandonta, tana dab da yin kuka. Na san in ta fashe da kuka a nan, ba za ta ƙara tsayawa gaban mutane ba. Amma hannuna ya ƙi ɗaguwa.

Hajiya ma ta hango ta. Ta ce, "Wai me aka ce ka yi ne?"

Na sunkuyar da kai. "Hajiya, a yi haƙuri. Wai cinye ki zan yi."

"To me kake jira? Yarinya na tsaye. Yi bisimilla mana."

Na miƙa faratan roba ina kau da kai, ko mayafinta ban taɓa ba. Ita da kanta ta kurma ihu, "Wayyo Allah, ya cinye ni!" Ta miƙe a hankali saboda ciwon gwiwa, ta ɗauki jakarta ta shige bayan labule. Tana wucewa ta dafa kan jikarta ta ce, "Je ki, ai babanki ne."

'Yata ta shigo tana danne dariya. Ta dube ni a kwance a gadon cikin hular kaka, ta ɗaga murya da Turancin 'yan Birmingham har ƙarshen ɗakin ana ji. Ko kalma ɗaya ba ta manta ba. Na gode wa Allah da fuskata ke rufe, don hawaye nake yi.

Tun daga ranar na gane cewa kunya abu ne mai kyau, amma ni na tsaya gadin tawa har na kusa kunyata 'yata. Wadda nake jin kunyar kuwa ta ajiye girmanta a gaban baƙi ba tare da wani dogon tunani ba, don kawai jikarta ta samu ta yi magana.