Maigida a Kujerar Gaba

"Wa ya ce ki jera su launi-launi?"

"To da yaya ake jera ƙyalle, Inna?"

"Mutum-mutum! Kin cusa min uwata da uwar mijina a buhu ɗaya. Matan da ko suna raye ba su taɓa zama tabarma ɗaya ba."

Direban motar kwasar kaya yana jingine da ƙyaure, yana danne dariya. Mai yi wa 'yarta faɗan wata 'yar guntuwar tsohuwa ce, tabarau a ƙarshen hanci, allura soke a ɗankwali. Ta zauna dirshan a falon da aka kwashe, guntayen yadi sun binne mata ƙafafu. Barguna take haɗawa da su, ga alama tun tana amarya, don yatsanta har ya yi kanta.

Faɗan ma ba ya zama a bakinta. Ta ɗago wani shuɗi ta sheƙe da dariya: aljihun wandon marigayi mijinta ne, wanda akuya ta cinye rabinsa. Ta yafa wani a kafaɗa, tana rausaya daga zaune. Direba yana zargin duk wanda matar nan ta taɓa so, sai da ta yanki gefen rigarsa.

Aka sake jera su mutum-mutum. Sai dai mota ta cika maƙil, buhu ɗaya ya rage, 'yar tsohuwar kuma ta ce a bar shi. Tsohuwa ta leƙa ciki, ta ga ƙyallayen mijinta ne, ta rungume shi, ta dubi direba.

"Ɗana, ɗora min maigida a kujerar gaba. Ni kuma kama ni na hau kan katifa a bayan mota."