Ɗigo Uku a Ruwan Rijiyar Baba

Ni tela ne a Bodinga, kuma in aka zo maganar awo ba na ɗaga wa kowa ƙafa. Shi ya sa ranar da ƙanwata ta ce aikinmu ɗaya, sai da na tsayar da keke na dube ta sama da ƙasa. Yarinyar da ko maɓalli ba ta iya dasawa! Lokacin tana karatun digiri na uku kan sinadarai a Sakkwato, kuma duk ranar da za ta wuce gida Lambara sai ta biyo ta shagona ta cinye mini gyaɗa.

"Aljihu nika ɗunkawa, Yaya," in ji ta. "Sai dai abin da za ya shiga ciki ido bai ganinai."

Ta ɗauki allina ta hau zane a kan teburin yanka. Ga abin da na fahimta. A cikin ruwa akwai 'yan ƙwayoyi narkakku masu caji irin na batir, wasu na gefen alamar tarawa, wasu na gefen alamar ɗebewa. Na ɗebewar take bi, kuma su suka fi wuyar kamu: kowanne da siffarsa, ga ruwa ya manne musu ba ya son saki. Wanda take nema sunansa naitiret, abin da takin zamani ke bari a ƙasa har ya tsiyaye cikin rijiya. Ba launi, ba wari, harshe ba ya jin sa, amma in ya yi yawa yana hana jinin jarirai ɗaukar iska. Ta zana shi shimfiɗe da hannu uku, ta kewaye shi da zobe mai 'yan yatsu suna kallon ciki, kowane yatsa daidai hannu guda. A gefen zoben ta ja jela, ta ce ita ce za ta juya daga rawaya zuwa ja in aljihun ya cika. Zoben nan shi ne aljihun, shi ma ƙwaya ce, amma babu irinta a daji ko a kasuwa. Ita za ta harhaɗa ta da hannunta.

Na yi mata dariya, ita ma ta yi. Ta farko da ta haɗa ta yi faɗi, sai ta riƙa cafke ƙwayar gishirin miya, wadda babu ruwan da ba ta ciki. Ta biyu ta yi aiki sumul a cikin sinadarin ɗakin gwaji, da aka sa ta a ruwa sai ta yi lakwas. Kowane gyara kuwa makonni yake ci ana dafawa ana tacewa. Ni in na farke riga sau biyu, ranar kowa a shagon sai ya ji a jikinsa. Ita shekara huɗu ta yi tana farkewa tana sakewa, ta zo da ido ja ta zauna ta ba ni labarin inda ta yi kuskure kamar mai ba da labarin biki. Ban taɓa faɗa mata ba, amma tun a lokacin na fara jin nauyinta.

Mahaifinmu yana da rijiya a bakin lambunsa na albasa. Shi ya haƙa ta bayan rasuwar mahaifiyarsa, sadaka, domin ladan ya riƙa isa gare ta. Rabin unguwa a nan suke sha. Baba ba mai fariya ba ne, amma ka yabi ruwan nan ka ga yadda fuskarsa ke washewa.

Da ƙwayar ta kammala, ƙanwata ta ce Baba za ta fara nuna wa. Muka tafi tare da hantsi. Ta ajiye kofunan gilashi biyu a kan tabarma. A ɗaya ta jiƙa ɗan taki, don ya yi ja. Ɗayan ta cika shi da ruwan rijiyar Baba, don a ga yadda ruwa mai tsabta ke zama rawaya abinsa. Ko a mafarki ba ta kawo wani ruwa da ya fi shi tsabta ba, ni ma haka. Ta ɗiga ɗigo uku na ruwan ƙwayar tata a na farko, ya yi ja, Baba ya yi kabbara. Ta ɗiga uku a na biyu. Shi ma ya yi ja.

Na matsa na raɗa mata, "Ce mishi maganin ya lalace bisa hanya."

"Yaya, in nic ce haka, shekara huɗun ga mi niy yi?"

Kunya ta kama ni. Ta sake ɗebowa da sabon guga, ja. Ta gwada ruwan famfon burtsatse na cikin gari, ya tsaya rawaya. Duk da haka ba ta yanke hukunci ba, ta ɗauki kwalba ta koma Sakkwato ta auna a babban inji, ko ƙwayarta ce ke ƙarya. Na san a ranta so take ta zama ita ce mai kuskure.

Bayan mako ta dawo, ta durƙusa gabansa. "Baba, ku yi haƙuri. Takin albasa ya shiga rijiyag ga. Kada a sake ba jinjirai."

Ya juya ya kalli wajen rijiyar. Sannan ya ce, "Ke nan shekarun ga duka, lada nika nema ma tsohuwa, ko ɗiyan mutane nika cuta?"

"Ba ku sani ba, Baba. Ni ma ban sani ba. Yanzu munka sani."

Na zaci zai ce a rufa maganar. Sai ga shi bayan La'asar ya tara maƙwabta, ya sa ta maimaita ɗigon a gabansu, shi da bakinsa ya faɗi ma'anar jan. Ya kwance igiya da gugan ya kai ɗaki. A satin ya daina zuba taki a duk sashen lambun da ke kusa da rijiyar. Da za mu tafi ya tsayar da ita a ƙofar gida.

"Abin ga da kig gina, shina iya hwaɗin ranad da ruwan yag gyaru?"

"Shina iyawa, Baba."

"To bar min shi."

Damina biyu ke nan. Duk Juma'a yakan fito da gugan ya ja kofi ɗaya, ya ɗiga uku. Jan ya rage, amma bai koma rawaya ba. Zuwana na ƙarshe na tarar da shi riƙe da kofin yana kallonsa a hasken rana, wata maƙwabciya tsaye da bokiti, goyo a bayanta, tana jiran ta ji. Ya juya kofin, ya sake juyawa. Sannan ya zubar a ƙasa, bai iya duban fuskarta ba.

"Da saura," ya ce. "Tahi burtsatse, ɗiyata."